Ƙorafi Kan Jar Sitikar da Aka Manna wa Motata Saboda Rabin Inci

Daga: Orval Tackett,
Gida na ƙarshe, Hanyar Rafin Pawpaw,
Gundumar Tarlow.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Duba Lafiyar Motoci,
Gundumar Tarlow.

Alhamis, 2 ga Maris, 2023.

Game da: Hana a-kori-kurata hawa titi bayan an ɗaga ƙafafunta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna. A aji shida na bar makaranta na shiga ramin kwal, yanzu kuma shekaruna saba'in da huɗu. Ga abin da ya faru, bi da bi.

1. Tsakanin gidana da kwalta akwai Rafin Pawpaw, kuma babu gada, ta cikin ruwa ake ratsawa. Matata Ozella tana zuwa wankin ƙoda a gari duk Litinin, Laraba da Juma'a. Bara a watan Afrilu, da dusar ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, ruwa ya shiga injin motata a tsakiyar rafi. Ozella ta rasa wanki biyu a jere, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wannan ne ya sa na yi niyyar ɗaga motar, ba ado ba.

2. Ban yi zaɓen da ka ba. Akwai wata tsohuwar bishiya a bakin mashigin, shekara talatin da ɗaya ina yi mata tsaga da wuƙa a inda ambaliya ta tsaya kowace shekara. Abin mamaki, duk shekara bakwai ruwan yakan dawo kan tsaga guda, ban san dalili ba, na daɗe ina so wani mai ilimi ya zo ya gani. Na auna tsagogin nan na kai wa bakanikena Burl Maggard. Ya buɗe littafin kaya ya nuna mini kayan ɗaga mota iri uku: na inci biyu, na huɗu, da na shida. Na biyu wasa ne. Na huɗu zai fitar da ni a shekara ashirin cikin talatin da ɗayan nan, na shida kuwa a ashirin da tara. Burl ya ce, "Orval, da tsufanka? Da tsani za ka riƙa hawa, ko Ozella ce za ta riƙa cicciɓar ka?" Na ce ya walda mata matakala kawai, ni zan san yadda zan yi.

3. Kafin in saya, ranar Talata 17 ga Janairu, na zo ofishinku na tambayi matar da ke kan taga, Madam Fugate. Ta ce a doka, daga ƙasa zuwa gindin bamba kada ya wuce inci talatin da ɗaya. Burl ya yi lissafi ya ce na shida zai tsaya a talatin da rabi, da zarar sababbin sifirin sun kwanta. Ya ce sukan kwanta ne bayan tafiyar mil ɗari biyar. Ranar 9 ga Fabrairu ya gama aikin.

4. Ranar Talata 21 ga Fabrairu na kawo motar awo. A nan, ranka ya daɗe, akwai nawa kuskuren, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina tara duwatsu masu zanen ganye a jiki, irin waɗanda ake samu a bakin tsofaffin ramukan kwal, kuma a bayan motar suke zama tun da Ozella ta hana su shiga ɗaki. Nauyinsu zai kai buhun siminti takwas. Sai na ga rashin ladabi ne in zo gaban hukuma da tarkace. Na sauke su duka, na wanke motar, na cika tayoyi da iska, na sa rigata ta coci. Jami'inku Mista Sizemore ya ja tef, bambar baya ta nuna talatin da ɗaya da rabi. Ya manna jar sitika, alamar motar ta faɗi awo.

5. Ina tsaye a wurin motoci uku suka wuce awo, kowacce ta fi tawa tsayi a ido, kowacce da buhunan yashi jibge a baya da tayoyi a sace. Ɗaya daga cikin masu su ya leƙo ta taga ya ce da ni, "Baba, wa ya ce maka ana zuwa nan a wanke? Ai lodi ake yi don ta yi ƙasa." Ba zan faɗi sunan kowa ba, kuma ba na neman a tsananta musu. Ina dai tambaya ne: in an san haka ake yi, me ya sa ba a gaya mini a taga ba?

6. Na mayar da duwatsuna ɗaya bayan ɗaya, aikin yini guda, ranar Talata 28 ga Fabrairu na dawo. Mista Sizemore ya ce tun da a takarda ya rubuta motar babu kaya, to babu kaya zai sake auna ta. Ya ɗauki dutse ɗaya ya daɗe yana juya shi, har na soma gaya masa shekarun ganyen da ke jiki, sai ya ajiye ya ce, "Kawu, tafi ka bari sifirin su kwanta tukuna." Na ce yaya za su kwanta alhali jar sitika daga gida zuwa gareji kawai ta yarda in bi, mil huɗu? Ya ce wannan ba a teburinsa yake ba. Na tayar da motata na koma gida.

7. Wa'adin jar sitikar zai cika ranar Laraba 8 ga Maris, daga nan ko garejin ba zan iya zuwa ba. A yanzu ƙanwar Ozella ce, Verna, take zuwa da ƙaramar motarta ta kai ta asibiti. Motar Verna ba ta ratsa ruwan da ya wuce ƙauri. Jiya da safe na je bakin rafi, ya riga ya soma yin ja, saura taki biyu ya taɓa tsagar farko.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ɗaya daga cikin biyu. Ko dai a sake auna motar yadda nake tuƙa ta kullum, da duwatsunta, ko kuwa a ba ni takardar izinin hawa titi Litinin, Laraba da Juma'a kawai, har mil ɗari biyar ɗin su cika in kawo ta babu kaya. Burl ya ce zai iya mayar da ita inci huɗu, amma kayan sai sun yi mako biyar a hanya, ruwa kuwa ba zai jira haka ba.

In duka biyun ba za su yiwu ba, ina roƙon a sanar da ni kafin ranar Litinin, don in kai Ozella gidan Verna a gari tun ana iya ratsawa. Ɗakin Verna gado ɗaya ne ƙarami, ni a gida zan zauna har ruwa ya janye. Ban gaya wa Ozella wannan ba tukuna. Shekara hamsin da ɗaya ba mu taɓa kwana da rafin nan a tsakaninmu ba, kuma ina so in ga amsarku kafin in buɗe baki.

Allah ya ƙara wa ofishinku daraja. Na gode da karanta wannan doguwar takarda.

Naku cikin ladabi da biyayya,

Orval Tackett