Injin Baba Ya Yi Magana a Kharkiv

Litinin, 4 ga Nuwamba
Kawu Miron, matuƙin Baba a tseren ƙananan jiragen sama na wasa, ya sake zuwa. Zai gudu Lviv ranar Asabar saboda yaƙi, kuma burinsa ya ji muryar ɗan injin dizal na jirgin wasa na ƙarshe da Baba ya ƙera kafin rasuwarsa. Na fayyace masa, a matsayina na mai digirin injiniya, cewa martabar wannan inji a idon masana ta ta'allaƙa ne ga kasancewarsa bai taɓa shan mai ba. Ya ce, "Farfesa, ubanka inji ya yi, ba ɗan kunne ba." Jahilci tsagwaronsa.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Jiniyar harin sama tun asuba. Babu wuta.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Na amince, bisa dalilai na binciken kimiyya zalla. Mun ɗaure shi a bencin tsakar gida. Kawu ya zuba mai, ya murza kusar matsi, ya bugi farfela, sai ya kama. Wace irin murya! Siririya, mai kaifi. Kawu ya cire hula yana kuka.

Ban lura da tagogi ba. Kafin in toshe bututun mai, mutanen benenmu sun kwararo suna ihun jirgi marar matuƙi ya iso. Goggo Odarka ta hawa na huɗu ta zame a matakalar maɓoya. Ƙashin ƙugunta ya karye.

Ni da na nazarci ilimin sauti, ban taɓa kwatanta ƙarar injin da ta jirgi marar matuƙi ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Kawu ya tafi. A tasha ya ce lokacin da yake saurayi, in aka ji wannan ƙara a unguwa, kai ake ɗagawa ana murmushi. Har yanzu maƙwabta ba su san mu ne ba.

Talata, 12 ga Nuwamba
Na kai wa Goggo miyar kabeji asibiti. Hanyata ce kawai. Likita ya ce da wuya ta sake hawa bene. Ta riƙe hannuna, ta ce, "Ɗana, kai mai ilimi ne. A gidan wa jirgin ya faɗa? An rasa rai?"

Na ce ba a rasa ba. Ta gode wa Allah.

Gobe zan koma. Ta ce miyar ba gishiri.