Tayar Gefen Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Na karɓo motar daga gareji. Sun buga ƙofar dama, sun yi fenti, kamar ba ita ce ta daki bishiya ba. Bakanike yana ta nuna mini aikinsa, ni kuwa kujerar gaba nake kallo. Tana nan a ture can baya, yadda Yaya take barin ta saboda dogayen ƙafafunta. Tun rasuwarta babu wanda ya gyara. Ni ma ban taɓa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Fitilar iskar taya ta ƙi mutuwa. A allon gabana tayoyi uku suna nuna lamba, ta gaba ta dama kuwa layi kawai. Ita ce ta fashe ranar haɗarin. Ina tafiya aiki asibiti ina tsayawa, in fito in danna ta da ƙafa. Mai faci ya auna, ya ce iska cif take. Na makara, na tarar an gama raba maganin safe.

Alhamis, 6 ga Maris

Na koma gareji. Bakanike ya ce na'urar auna iska da ke cikin tayar ta farfashe a haɗarin, sabuwa ya saka.

"Tsohuwar motar take nema, Anti. Ba ta san wannan ba tukuna."

Sai da na dafa mota. Ya danna wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, ya ce saura in hau babban titi, in riƙe gudu tamanin ba tsayawa har motar ta gane sabuwar. Ni da ko arba'in ba na kaiwa yanzu. Ya ce zai yi mini. Na ce ya bari. Ban san dalili ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kai bakin babban titi na juyo. Motar ta ɗauki ƙamshin lemo, alhali babu lemo a ciki. Ranar shi Yaya take ɓarewa, tana miƙo mini tana tsokanata, wai tuƙina sai ka ce mai ɗauke da ƙwai. Daga nan sai ƙarar.

Talata, 11 ga Maris

Na liƙe fitilar da filasta. Hasken yana leƙowa ta gefe.

Jumma'a, 14 ga Maris

Na kai wa Mama maganinta, ta rako ni bakin ƙofa. Tun ranar ba ta ƙara shiga motar da nake ja ba. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, da ma ta ɗora. Ta hangi filastar, ta tambaya ko ita ma motar jinya nake mata. Na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon tayar.

"Gobe ki zo ki ɗauke ni," in ji ta.

Asabar, 15 ga Maris

Na buɗe mata baya, ta wuce gaba ta zauna. Da kanta ta ɓare filastar.

Muka hau babban titi. Hamsin. Sittin. Wata tirela ta wuce, motar ta girgiza, na ji ƙafata tana neman birki. Sai Mama ta fara ba da labarin yadda Yaya ta koyi keke, ta afka cikin shanyar maƙwabta, ta fito da zanin mutane a ka tana cewa ba a koya mata tsayawa ba. Ban taɓa jin labarin ba. Na yi dariya, hawaye yana zuba, ban goge ba don hannu biyu na riƙe sitiyari.

Ban ga lokacin da fitilar ta mutu ba. Na duba kawai na ga lamba a gefen Yaya, daidai da sauran. Ban ji daɗi ba. Sai na ji kamar motar ta riga ni haƙura.

Na juya in gaya wa Mama. Barci take, baki a buɗe, har da ɗan minshari. Mama da ke cewa barci ya yi mata ƙaura.

Mun iso shataletalen da ya kamata in juyo. Na wuce. Wai don kada shan kwana ya tashe ta.