Na Cire Sunanka Daga Takardar Magaji

Zuwa ga Yaya Francis,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Mama, da mutanen Rikoto duka. Yaya dawa ta yi bana?

Ni lafiya lau nake a Borno. Ƙafata ce ta ɗan samu rauni, sun kwantar da ni, amma likita ya ce wataƙila ba sai an yanke ba.

Yaya, abokina Ishaya bai dawo daga fitarmu ta ƙarshe ba. Matarsa ta zo bariki da yara biyu, aka buɗe fayil, sai ga sunan kawunsa a matsayin magaji. Yana saurayi ya rubuta shi ranar shiga soja, bai sake tunawa ba. Da jakar kayansa kawai ta koma.

Ni ma sunanka na rubuta a lokacin. Jiya na cire, na sa na matata Gladys. Na kuma rubuta wasiyya gaban fasto: ɗakunan da na gina da gonar bakin rafi nata ne da 'yarmu Divine.

Kada ranka ya ɓaci. Ban manta ba, ina bakin aiki kai ka yi mini golmo, noman neman aure, a gonar babanta har aka ba ni ita. Na yarda da kai. Amma ranar da dangi suka taru suka ce mace ba ta gadon gona, ina so ka sami takardar da za ka ɗaga musu.

Ka karanta wa Mama gaisuwar kawai. Ka tsaya kafin maganar ƙafa.

Ƙaninka,
Kefas