Kwamfutar da na aiko wa Bappa

Bappa Usaid,

Gaisuwa mai yawa daga Ankara. Yaya Goggo Hajja da mutanen Limawa?

Ka tambaya ko ka koma sabuwar manhajar rubutu a kwamfutar da na aiko. Kada ka koma. Ta fi sauri, amma za ta wargaza haruffan Fulatancin littafinka. Na ɗora maka tsohon tsarin da ka saba da shi a cikin kwamfutar, kamar ɗaki cikin ɗaki. Danna koren hoton da ke kan allo kawai, zai buɗe. Yana da nawa, sai haƙuri.

Lafiyata ƙalau. Gaskiya kwamfutata ce na aiko, amma akwai wasu a laburare, kuma ba nisa, sanyin ma na fara sabawa. Ka dai gama tarihin Namtari, ni zan fara karantawa.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Basma