Tsohuwar Kwamfutarka Ta Fito Daga Kabad

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da mai kawo ruwa, ka ga kuwa ta warke.

Ni ce dai hankalina a tashe yake. Manhajar da nake haɗawa a ofis, wadda masu kantin magani za su riƙa ɗaukar hoton takardar likita da ita, ta tsaya mini a wuya. A kwamfutata tana gudu lafiya lau. Da na ɗora ta a girgije, wato injinan hayar nan da ba ma gani, waɗanda sai an kira aiki suke farkawa, sai ta faɗi warwas. Ƙorafi ɗaya take maimaitawa, wai ɓangaren da ke rage girman hoto ya ƙi buɗuwa. Na goge, na sake saukewa, na canja siga, shiru. Oga ya ce in ba ta tashi ba kafin masu kantin su zo gani, wani zai miƙa wa aikin, ga shi har yanzu a matakin gwaji nake, ba a tabbatar da ni ba. Na ce masa ai a wajena tana aiki, ya ce to in saɓa kwamfutata in riƙa bi kanti kanti. Aka yi ta dariya, ni kuwa kamar in nutse. Ko abinci a tsaye nake ci.

Ka san mai laifin? Sabuwar kwamfutar da ka aiko mini. Kada ka ji haushi, ina sonta. Shi wannan ɓangaren ɗinka shi ake yi daidai jikin injin da aka haɗa shi a kai, kamar riga. Ƙwaƙwalwar sabuwar ta zamani ce, injinan da muke haya kuwa irin na da ne. Ashe rigar da ba tasu ba nake ta aika musu.

Nan na tuna da tsohuwar kwamfutarka, mai ƙwaƙwalwa irin ta da. Tana kabad ɗin ɗakinka, Inna ta naɗe ta da zane tun tafiyarka, ba mai taɓawa. Sai da na sha roƙo ta ba ni mabuɗi, ta ce in mayar yadda na samu, mai ita zai zo ya nema. Batirin ya mutu, fankar na ihu kamar injin niƙa, amma a kanta na haɗa, na ɗora, hoto ya fito tsaf. Gobe masu kantin za su zo, ni kuwa na kasa daina gwadawa, wallahi tsoro nake ji. Ka sa ni a addu'a.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, Auta ma haka. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Saura saƙon Inna. Ina aikin tana zaune a bakin gadonka, ta tambaye ni me ya hana sabuwar. Na ce mata an yi ta ne daidai da can inda kake, ɗinkinta ba ya shiga jikin namu. Sai ta ce in tambaye ka ko kai ma haka ka zama. To, ga shi na tambaya, Yaya. Kuma ba ta waya take son jin amsar ba.

Ƙanwarka mai rawar kai.