Kalmar da Likitan Ido Ya Faɗa

Laraba, bayan isha'i

Yau na kai Baba asibitin ido. Likita ya duba shi, ya ce wa abokin aikinsa ganin yana "dwindling". Kalmar ta tsaya mini a rai. Muna fitowa na bincika a waya. Wai raguwar abu ce kaɗan-kaɗan, kuma asalinta wata tsohuwar kalmar Turawa ce ta ramewa har mutum ya ƙare. Ashe su ma daga jikin ɗan Adam suka samo ta?

A mota Baba ya ce, "Sani, me likitan ya ce?"

Na ce ganinsa ne ke raguwa a hankali.

"A hankali? Alhamdulillahi. To, ran Asabar ka kai ni gonata a Karshi in ga doyata."

Har na nemi izinin ran Asabar ɗin wajen ogana a wurin aiki.