Ta'aziyyar Shehin Malamin da Direbobi Suka Ƙwace Mana

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Sashen Nazarin Halayyar Ma'aikata na wannan kamfani yana sanar da rasuwar shugabansa, ubangidanmu, Shehin Malami kuma Babban Daraktan Bincike, labarin da muka tsinta a bakin direbobin kamfani, domin su iyalinsa suka fara kira a waya.

Marigayin ne ya kafa wannan sashe, shi ne kuma ya koya mana cewa ba a sanin halin ma'aikaci sai an zauna inda yake zama. Shi ya sa yakan ɗauki kujerarsa ya tare a wani sashen na ɗan lokaci, ya lura da wanda ake yin tsit idan ya shigo, da wanda ake ajiye wa shayi ko bai roƙa ba, sannan ya dawo ya baje mana abin da ya gani. Rigingimun da ya kashe ta wannan hanya Allah kaɗai ya san yawansu.

Daga ranar da nazari ya kai shi ɗakin direbobi, shi ke nan, muka rasa shi. Can yake karyawa, can ake jiyo dariyarsa har saman bene, dariyar da mu da muka yi shekaru muna buga masa rahotanni ba mu taɓa samun ko rabinta ba. Idan mun yi ƙorafi sai ya ce binciken bai kammala ba. Ba za mu ɓoye ba, abin ya ci mana rai, har yau kuma yana ci.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidan marigayin, wadda da muka je gaisuwa ta tambaye mu cikin ladabi daga wane sashe muke, da 'ya'yansa da jikokinsa baki ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi.

Muna kuma tunatar da sauran ma'aikata, waɗanda tun jiya suke layi a ƙofar ɗakin direbobi, cewa ofishinmu yana hawa na biyu, ƙofarsa a buɗe take, kuma har yanzu ba wanda ya hau ya ce mana ya haƙuri.

Sa hannu:
Mataimakin Darakta kuma Kakakin Sashen Nazarin Halayyar Ma'aikata